Kwamfutar da ke mutuwa ana tsakiyar aiki: zafi ne, wuta ce, ko Windows?

Daga cikin matsalolin da masu kwamfuta a gida suke kai wa masu gyara a garin Gombe, kaɗan ne suke tayar da hankali kamar a ce mutum yana tsakiyar aiki, allo ya yi baƙi ƙirin, fanka ta yi tsit, ba tare da wani gargaɗi ba. Ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe da ke rubuta kundin kammala karatu, da malamar makaranta da ke haɗa sakamakon jarrabawa, da mai ɗan shagon buga takardu a Pantami ko Jekadafari, duk magana ɗaya suke yi idan sun isa gaban mai gyara: "Injiniya, haka kawai take ɗaukewa." Amsar da suka fi samu kuwa ita ce a yi mata fomat, wato a goge duk abin da ke ciki a sake ɗora Windows. A ganina wannan barin jaki ne ana dukan taiki, domin kwamfutar da ke mutuwa farat ɗaya galibi ko dai wuta ce ta yanke mata, ko kuma zafi ya kai ta matakin da ta kashe kanta don kada ta ƙone, kuma goge manhaja ba ya warkar da ko ɗaya cikin waɗannan biyun. Abin da ya fi ciwo shi ne mutum ya yi asarar hotunan iyali da takardun shekaru, ya biya kuɗi, ya koma gida, sannan ta sake mutuwa kamar ba a taɓa ta ba.

Matakin farko lura kawai yake buƙata, domin yadda kwamfuta ta mutu shi ne babban manunin abin da ya kashe ta. Wata takan ɗauke gaba ɗaya, allo da fanka da 'yar fitilar gaba duk su tafi lokaci guda, kuma wannan ya fi nuni ga wuta ko zafi. Wata takan ɗauke sannan ta tashi da kanta, tambarin kamfaninta ya bayyana kamar yanzu aka kunna ta, wanda hakan ke jefa zargi kan ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, ko lalacewar wata direba, wato manhajar da ke sarrafa wani kaya na kwamfutar, ko raunin akwatin wuta, wato wanda ke raba wa kayan cikinta wuta. Wata kuma takan rufe manhajoji ɗaya bayan ɗaya, ta nuna saƙon cewa tana rufewa, sannan ta mutu cikin tsari. Irin wannan umarni aka ba ta, sai a nemi wanda ya bayar. Akwai ma wadda ba ta mutu ba sam, allon ne kawai ya yi duhu alhali fanka na juyawa, kuma a nan allon da wayarsa da saitin barci ya kamata a duba.

Yana da kyau a ajiye takarda kusa a riƙa rubuta ƙarfe nawa ta mutu, bayan minti nawa da kunnawa, da aikin da ake yi a lokacin, da kuma wutar da take kai, ta gwamnati ce, ta janareta ce, ko ta sola. A kuma lura ko tana yarda ta tashi nan take ko sai ta huta, da ko bugun tebur ko motsa waya yana sa ta ɗauke. Kwamfutar da ke mutuwa bayan rabin awa ana kallon bidiyo ko ana zane a CorelDRAW, ta kuma ƙi tashi sai ta huce, ta riga ta faɗi ciwonta. Amma kafin a fara kowane gwaji, a kwashe muhimman takardu zuwa filash ko Google Drive, domin kowace mutuwar bazata tana iya lalata fayil ɗin da ake rubutawa a daidai lokacin, kuma binciken kansa zai sa ta mutu sau da yawa.

Windows tana ajiye kundin abubuwan da suka faru da ita, kodayake mutane kaɗan ne suke buɗe shi. Idan aka danna Start aka rubuta Event Viewer, aka shiga Windows Logs sannan System, za a ga dogon jeri, kowane layi da lambarsa da lokacinsa. Lamba 41, mai ɗauke da sunan Kernel-Power, tana nufin kwamfuta ta tashi alhali ba a rufe ta yadda ya kamata ba a karon baya, kuma lamba 6008 takan zo tare da ita ta faɗi kusan lokacin da abin ya faru. Mutane da yawa suna ganin 41 da jan tambarinta sai su ɗauka sun gano dalilin, alhali ita shaida ce kawai cewa an yi mutuwar bazata, kuma ko mutum ne ya zare filogi da hannunsa ita za ta fito. Amfaninta yana cikin abin da ke kewaye da ita. Idan akwai lamba 1001 mai suna BugCheck kusa da ita, Windows ce ta ci karo da kuskure mai tsanani ta tsaya, ta kuma samu damar rubuta shi. Idan 41 ce ita kaɗai, babu wani kuskure kafinta, to an yanke wutar ne kafin Windows ta iya rubuta komai, kuma hakan na mayar da zargi kan wuta da zafi. Idan kuwa 1074 aka gani, wani mutum ko wata manhaja ce ta ba da umarnin rufewa, kuma saƙon yana ambaton sunan manhajar.

Wannan lamba ta 1074 tana tona wani abu da ya kamata masu sayen kwamfuta tokumbo su sani. Microsoft tana raba wani nau'in Windows na gwaji, wanda aka tanada domin kamfanoni su jarraba na kwana 90, kuma idan wa'adin ya cika kwamfutar takan riƙa rufe kanta bayan kowace awa ɗaya. Wani lokaci mai sayarwa ko mai gyara yakan ɗora irin wannan don shi ne ya fi sauƙin samu, mai saye ya yi wata uku lafiya lau, sannan abin ya fara. Alamarsa ita ce mutuwar tana zuwa a kan ƙa'idar lokaci, tare da wani rubutu a kusurwar dama ta ƙasan allo. Wannan na cikin 'yan wuraren da sake ɗora ingantacciyar Windows shi ne ainihin magani.

Zafi shi ne abin da ya cancanci a tsaya a kansa sosai. Farosesa, wato ɗan guntun da ke yin lissafin kwamfuta, ƙarami ne ƙwarai amma yana fitar da zafi mai yawa, shi ya sa ake ɗora masa ƙarfen alminiyam ko jan ƙarfe mai siraran haƙora, a sa fanka tana hura iska ta tsakaninsu. A laftof wani bututun jan ƙarfe ne ke ɗauko zafin daga kan farosesa ya kai shi haƙoran da ke bakin ramin iska. Tsakanin farosesa da ƙarfen akwai wani mai mai kauri, ruwan toka, wanda masu gyara ke kira fes, aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani domin zafi ya ratsa da sauƙi. Yawancin farosesan Intel iyakarsu digiri 100 ce a ma'aunin Salshiyas, na AMD Ryzen da yawa kuma 95. Idan zafi ya kai nan, farosesa yakan rage gudunsa da kansa, shi ya sa kwamfuta ke fara nauyi tana sarƙewa kafin ta mutu. Idan duk da haka zafin ya ci gaba da hawa, farosesa yakan aika umarni kai tsaye ga madabod, wato babban farantin da dukkan kayan ciki ke haɗe a kansa, a yanke wuta, ba tare da ya bi ta kan Windows ba, kuma wannan ne dalilin da ba a ganin saƙo ko gargaɗi.

Yanayin Gombe yana haɗa wa kwamfuta abubuwa biyu a jere. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana shigo da ƙura mai laushi ta kowace kafa, fanka tana zuƙarta tare da zaren darduma da gashin bargo, har su dunƙule su zama wani ƙullutu a bayan haƙoran ƙarfen. A lokacin ba a lura, domin sanyin gari yana rufa asiri. Daga Maris zuwa Mayu kuwa zafin rana kan kai digiri 40 ko kusa da haka, ɗaki mai rufin kwano wanda ba shi da silin ya fi haka ma, sai a wayi gari iskar da fanka ke samu ta yi kaɗan, wadda ta samu ɗin ma mai zafi ce. Saboda haka kwamfutar da ta yi aiki lafiya a Disamba ta fara mutuwa a Afirilu ba wani sabon ciwo ta kamu da shi ba, ƙurar hunturu ce bazara ta fallasa. Ga kuma ɗabi'armu ta aiki da laftof a kan katifa, ko filo, ko kafet, ko a kan cinya bisa babbar riga, alhali yawancinsu ta ƙasa suke shaƙar iska. Faranti, ko faffaɗan katako, ko littafi mai kauri da ya ɗaga bayanta ba tare da ya toshe ramukan ba, yana iya kawo bambancin da za a gani a ma'auni.

Ba sai an yi hasashe ba, domin akwai ƙananan manhajoji na kyauta irin su HWMonitor da Core Temp waɗanda ke nuna zafin farosesa a kowace daƙiƙa. Idan babu aikin da ake yi amma ma'auni na nuna 70 ko 80, akwai matsala a fili. Idan kuma da an buɗe bidiyo ko wani aiki mai nauyi ya haura 90 cikin 'yan mintuna ya nufi 100, an kama mai laifi. A sa hannu a bakin ramin iska: idan fanka na ihu amma iskar da ke fitowa ba ta da ƙarfi, hanya ce ta toshe. Idan babu ƙara babu iska alhali jikin kwamfutar ya yi zafi, fankar ce ta tsaya, ko wayarta ta zare. Ƙarar gurnani kuwa alama ce cewa fankar ta kusa ƙarewa.

Kwamfutar tebur tana da sauƙin sharewa. A kashe ta, a zare wayar wuta daga bango, a danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don sauran wutar ta fita, a buɗe murfin gefe, a fita da ita waje a hure da buluwa ko a share da busasshen burushin fenti mai laushi. A riƙe fanka da yatsa yayin hurawa, domin idan iska ta juya ta da gudun da ya wuce ƙa'ida tana iya lalacewa. Laftof kuma hura ta daga waje sau da yawa tura ƙurar ciki kawai yake yi, sai an buɗe ƙasanta an cire fankar an zaro ƙullutun da hannu, kuma wanda bai saba ba gara ya kai wa wanda ya iya, domin wayoyin ciki sirara ne masu saurin tsinkewa. Fes ɗin ma yana bushewa bayan wasu shekaru, ya tsage, ya daina aikinsa, kuma kwamfutar tokumbo tana iya zuwa kasuwanninmu ba a taɓa sauya mata shi ba tun daga masana'anta. Ana goge tsohon da sifirit da tsumma mai tsabta, a ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya, a mayar da ƙarfen a ɗaure sukurorinsa daidai wa daida. Duk lokacin da aka ɗaga ƙarfen dole a sa sabon fes. Ina kuma roƙon kada a yarda a wanke madabod da fetur, kada kuma a yarda a sa man goge baki a madadin fes, domin duka biyun gyaran gangar Auzinawa ne.

Idan ma'auni ya wanke zafi daga zargi, sai a koma kan wuta. Wutar gida a Najeriya ƙa'idarta bolt 230 ce, amma kayan cikin kwamfuta ba sa amfani da ita haka. Akwatin wutar da ke bayan kwamfutar tebur, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, shi ke mayar da ita bolt 12, da 5, da 3.3, kuma ƙa'idar ƙera shi ta yarda da kaucewar kashi 5 cikin 100 ne kawai, wato layin bolt 12 kada ya sauka ƙasa da 11.4. Idan wutar bango ta ɗauke, abin da akwatin ya tara ba ya riƙe kwamfuta fiye da kusan kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa. Ma'anar wannan ita ce ɗan ƙiftawar da ƙwan fitila zai yi, wanda mutum zai iya ma kasa lura da shi, ya isa ya kashe kwamfutar tebur ko ya sa ta sake tashi. Haka kuma idan wuta ta zo ba ƙarfi, kamar yadda takan yi da maraice a unguwannin da taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidaje masu yawa kowa ya kunna fanka da firji, akwatin yakan yi ta fama har ya kai inda zai saki.

Ƙaramin janareta yana da tasa matsalar. Da zarar an jona dutsen guga, ko hita, ko injin jan ruwan rijiyar burtsatse, ko firji ya tayar da kansa, ƙarfin wutar yakan faɗi na ɗan lokaci kafin injin ya farfaɗo, kuma wannan faɗuwar ta isa. Wanda takardarsa ta nuna kwamfutar ba ta mutuwa sai a kan janareta ba ya buƙatar buɗe ta. Kafin a zargi manyan abubuwa ma, a duba ƙanana: soket ɗin da bakinsa ya saki, filogin da ya yi baƙi ko yake ɗumi, da araha-arahar wayar ƙari mai soket da yawa wadda ƙarafunan cikinta suka buɗe. A jona kwamfutar kai tsaye a wani soket na bango da wata wayar daban a gani. Wani abin lura ga tsofaffin kwamfutocin tebur da aka shigo da su daga Amurka shi ne ɗan jan makunnin da ke bayan akwatin wuta mai rubutun 115 da 230. Dole ya kasance a kan 230 kafin a jona, in ba haka ba akwatin zai ƙone nan take, don haka kada yara ko mai neman gyara da lalube su taɓa shi.

Mutane da yawa suna ɗaukar sitabilaiza da UPS abu ɗaya ne, kuma wannan ruɗanin yana jawo kashe kuɗi a banza. Sitabilaiza tana ɗaga wutar da ta yi ƙasa, ta sauke wadda ta yi sama, amma ba ta da batir, don haka idan wuta ta ɗauke ita ma ta ɗauke. UPS kuwa batir ne a cikinsa, galibi mai bolt 12 da ƙarfin 7Ah a ƙananan na gida, wanda ke karɓar aiki cikin gaggawa ya ba mutum 'yan mintuna ya adana aikinsa ya rufe. Sai dai batirin irin na dalma ne, shekara uku zuwa biyar yake yi a ɗaki mai digiri 25, kuma ƙarin zafi na kusan digiri 10 yana rage rabin wannan rayuwar, ga shi kuma a nan kullum cikin caji da sauka yake. Shi ya sa ake samun UPS da fitilarsa ke ci lafiya, amma da an ɗauke wuta ya mutu tare da kwamfutar. Gwajinsa shi ne a rufe dukkan aiki, a zare filoginsa daga bango a ga ko zai riƙe. Masu sola kuma su sani cewa inbata mai arha ba ta fitar da wuta mai santsin zagaye irin ta gwamnati, kuma wasu akwatunan wuta na zamani sukan ɗauke a daidai lokacin da aka sauya zuwa irin wannan wutar.

Shi kansa akwatin wutar yana tsufa. Kafasitocin cikinsa, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta, suna bushewa da zafi, kuma kowace muguwar wuta da ta shigo shi ne yake fara karɓarta. Alamarsa ita ce kwamfuta tana zaune lafiya idan ana rubutu, amma ta ɗauke a daidai lokacin da aka ba ta aiki mai nauyi alhali zafinta bai hau ba, ko kuma sai an danna maɓalli sau da yawa kafin ta tashi. Wannan ya fi faruwa idan an ƙara mata katin hoto mai cin wuta, wato kayan da ke sarrafa abin da ake gani a allo, a kan ƙaramin akwatin da ta zo da shi. Gwajin da ya fi inganci shi ne a ari wani lafiyayyen akwati a jona a gani. Kada wanda ba masani ba ya buɗe akwatin wuta, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wutar da za ta iya yi wa mutum mummunan lahani ko bayan an zare filogi.

A laftof batir da caja ne suke tsaye a wannan matsayin. Batirin da ya tsufa yakan nuna saura kashi 40 ko 30 sannan ya yanke kwatsam, domin ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa ta yi rauni, ƙarfinta na faɗuwa kafin Windows ta ankara. Ana iya ganin lafiyarsa ta hanyar buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport, sai a buɗe rahoton a kwatanta layuka biyu, Design Capacity, wato abin da yake ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, wato abin da yake ɗauka yanzu. Idan na biyun bai kai rabin na farko ba, batirin ya gama aikinsa. Idan kuma ya kumbura har ya ɗaga wurin shafa yatsa ko ya buɗe gefen kwamfutar, a daina amfani da shi a ranar, kada a huda shi, kada a danne shi, domin yana iya kamawa da wuta. Caja ita ma abar tuhuma ce. Yawancin na HP da Dell bolt 19.5 suke bayarwa, na Lenovo 20, kuma ana yin su da ƙarfi daban-daban, wat 45, 65 ko 90. Cajar jabu, wadda sau da yawa ake gane ta da rashin nauyi da saurin zafi, ko ƙaramar caja a kan laftof mai buƙatar babba, tana iya kasawa idan aiki ya yi nauyi, kuma idan batirin ya riga ya mutu babu abin da zai tare faɗuwar. Ramin da ake soka cajar ma yakan saki, ta yadda ɗan motsi ke yanke wutar.

Kwamfutar da ke sake tashi da kanta kuwa sau da yawa shuɗin allon kuskure take nunawa, sai dai yana wucewa kafin ido ya kama shi, kuma a sababbin nau'o'in Windows 11 allon ya koma baƙi. Ana iya tsayar da shi ta shiga System Properties, sannan Advanced, sannan Startup and Recovery, a cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan idan abin ya sake faruwa saƙon zai tsaya, sai a ɗauke shi hoto da waya. MEMORY_MANAGEMENT ya fi nuni ga ram, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR ga kayan ƙarfe kamar farosesa ko madabod, idan kuma an ambaci wani fayil da ya ƙare da .sys, direba ce ta wani kaya, sau da yawa ta katin hoto ko ta wayafai. Ram ana gwada shi da Windows Memory Diagnostic da ke cikin Windows, ko da MemTest86 wanda ya fi zurfi amma yakan ɗauki sa'o'i. Sau da yawa ma bai lalace ba, ƙura da jijjigar hanya ne suka sa bai zauna daidai ba, musamman laftof da ake yawo da ita a jaka a kan babur ko Keke Napep. Cire shi, goge haƙoransa masu ruwan zinari da magogin fensir, da mayar da shi har ya yi ƙas, kan wadatar. Idan guda biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Rumbun ajiya, wato inda Windows da takardu suke zaune, ya fi jawo sarƙewa da shuɗin allo fiye da ɗaukewa gaba ɗaya, amma shi ne yake shan wahalar kowace mutuwar bazata, don haka a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, kuma idan tsohon mai juyawa ne ya fara ƙas-ƙas a gaggauta kwashe abin da ke ciki. Bairos kuwa, wato muguwar manhajar da ke yaɗuwa tsakanin kwamfutoci, wanda shi aka fi ɗora wa laifi, ya taɓa yin wannan aika-aikar da gaske: Blaster a 2003 da Sasser a 2004 sun riƙa sa kwamfutoci masu Windows XP suna ƙirga daƙiƙa 60 su sake tashi. Na yanzu sun fi son kwamfuta ta zauna a kunne, sai dai masu haƙar kuɗin kirifto a ɓoye suna iya tilasta wa farosesa aiki ba hutu har zafi ya kashe ta, kuma Task Manager, wato shafin Windows da ke nuna aikin da kowace manhaja ke yi, zai nuna hakan idan farosesa na kan kashi 100 alhali ba a buɗe komai ba.

Akwai gwaji guda biyu da nake ganin bai kamata a yi fomat ba sai an yi su. Na farko shi ne a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, yayin kunnawa, da F10 a yawancin HP, F2 a Dell, ko Delete a kwamfutocin da aka harhaɗa, a bar ta a nan tsawon lokacin da ta saba mutuwa. A wannan wurin Windows ba ta ma tashi ba, saboda haka idan kwamfutar ta ɗauke babu yadda za a ce laifinta ne. Amma da yake ba a ba farosesa aiki mai nauyi a BIOS, rashin mutuwa a nan bai wanke kayan ƙarfe ba. Shi ya sa ake buƙatar na biyun, wato a ɗora Ubuntu, wani tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, a kan filash a tayar da kwamfutar daga gare shi ba tare da an girka shi ba, a kunna bidiyo a yi aiki sosai. Idan ta mutu a nan ma, matsalar ta kayan ƙarfe ce. Idan ta wuni lafiya a yanayin da Windows ke mutuwa, sai a fara da cire direba ko sabuntawar da aka sa daf da fara matsalar, fomat kuma ya zo a ƙarshe, bayan an kwashe komai.

Idan an bi duk waɗannan abin bai daina ba, saura madabod. Wani lokaci ido ma yana ganin ciwon: kafasitar da samanta ya kumbura ko ta zubar da wani abu mai launin tsatsa, wanda ya yi ƙamari a kwamfutocin da aka ƙera tsakanin 1999 da 2007, ko wurin da ya ƙone bayan tsawar damina, ko kyankyaso da tsaka da suka shiga neman ɗumi suka haɗa wuta. Maɓallin kunnawa da ya maƙale ma yana kashe kwamfuta bayan 'yan daƙiƙu da tashi. A nan aikin na mai gyara ne, kuma a je masa da takardar da aka rubuta da hoton saƙon kuskure, a roƙe shi ya sauya abu ɗaya a lokaci guda domin a san wanda ya yi magani, a kuma gwada ta da aiki mai nauyi na tsawon lokacin da ta saba mutuwa kafin a biya. Idan kuɗin sauya madabod ya kusa kuɗin wata kwamfutar mai irin ƙarfinta, ya fi dacewa a cire rumbun ajiyar a kwashe takardun zuwa wata. Sai dai kafin a sauya madabod ko a cire rumbun, a duba ko BitLocker, wato tsarin Windows na kulle rumbu, na kunne, domin sababbin laftof da yawa suna zuwa da rumbunsu a kulle, kuma ba zai buɗu a wani wuri ba sai da mabuɗi mai lambobi 48, wanda galibi yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita kwamfutar.